Tsadar Abinci: Daga Kasuwar Duniya Zuwa Mudun Kasuwarmu

Wannan shi ne jawabin da jami'inmu na sashen noma ya gabatar a taron wakilan ikkilisiyoyin karkara bayan kaka. Mun buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Muna roƙo a karanta shi a taron zumuntar mata da na maza.

  Na san waɗansunku tun asuba suka hau babur, kuma na san abin da kuɗin babur ya zama.

An ce in yi magana a kan abin da ke sa abinci tsada a duniya, da abin da hukumomi za su iya yi a kai. Da aka ba ni kan maganar sai da na yi murmushi. Wace uwa ce a ɗakin nan take bukatar wani ya taso daga ofis ya gaya mata abinci ya yi tsada? Ita ce ke kwance bakin zane a kasuwa, ita ce ke rage tuwon dare. Abin da zan iya ƙara muku shi ne labarin inda tsadar take tasowa kafin ta iso mudunmu. Zan fara da labarin shinkafa a shekarar 2008, domin idan kun gane shi, sauran maganar za ta zo da sauƙi.

A ƙarshen shekarar 2007, tan ɗaya na shinkafar ƙasar Tailan, wadda da ita ake auna farashin shinkafa a kasuwar duniya, bai kai dala 400 ba. Tan ɗaya buhu ashirin ke nan mai kilo 50. Kafin watan Mayu na 2008, wannan tan ɗin ya kai dala 1,000. Cikin wata shida farashi ya kusan ninka sau uku. Wanda ya ji haka zai ce fari aka yi a ƙasashen Asiya, ko fara ta cinye gonaki. To, ko ɗaya. Shinkafar da duniya ta girbe a wannan shekara ta fi ta shekarun da suka gabace ta yawa. Shinkafa tana nan, tsoro ne ya shiga kasuwa.

Ga yadda abin ya faru. Ƙasar Indiya ta sha wahalar sayen alkama daga waje da tsada, sai gwamnatinta ta ce gara ta riƙe shinkafarta domin ciyar da talakawanta. A watan Oktoba na 2007 ta sa takunkumi a kan fitar da shinkafa, ban da irin nan mai ƙamshi da ake kira basmati. Ƙasar Biyetnam, wadda ita ma babbar mai sayarwa ce, ta ga haka, ta dakatar da ƙulla sabon ciniki. Masar da Kambodiya suka bi sahu a watan Maris na 2008. Ku lura da abu ɗaya: mafi yawan shinkafar duniya a ƙasar da aka noma ta ake cinye ta. Abin da ke ƙetare iyaka a lokacin bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Kasuwa ce ƙarama, kamar kasuwar ƙauye mai dillalai huɗu. Idan biyu suka rufe rumfa, sauran biyun abin da suka ga dama za su faɗa.

A ɗaya gefen kuma akwai ƙasar Filifin, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa sayen shinkafa daga waje. Da ta ga ƙofofi suna rufuwa sai ta firgita, ta shiga neman shinkafa mai yawa a lokaci guda, ko nawa ne za ta biya. A watan Afrilu ta saya a kan fiye da dala 1,000. Daga nan sai tsoro ya sauko daga fadar gwamnati zuwa gidaje. Manomi ya ƙi sayarwa yana jiran gobe, mai injin casa ya ɓoye, ɗan kasuwa ya ɓoye, uwargida mai sayen buhu ɗaya ta sayi biyu. A birnin Ho Chi Minh na Biyetnam, ƙasar da shinkafa ta yi wa yawa har tana sayar wa duniya, farashi ya ninka cikin kwana biyu saboda jita-jita. Har a Amurka waɗansu manyan kantuna sun ƙayyade yawan buhun da mutum ɗaya zai saya.

Waɗanda suka biya kuɗin wannan tsoro su ne ƙasashen da ba su da hannu a cikinsa. A watan Fabrairu na 2008 an yi tarzoma a Kamaru da Burkina Faso kan tsadar rayuwa, aka rasa rayuka a Duwala. Sanagal da Kodebuwa suka biyo baya. A ƙasar Haiti majalisa ta sauke firayim minista a watan Afrilu bayan zanga-zangar yunwa. Bankin Duniya ya yi ƙiyasin cewa tsadar abincin wannan lokaci za ta iya jefa mutum kusan miliyan 100 cikin talauci.

Yanzu ku ji yadda zazzaɓin ya sauka, domin nan ne darasin yake. Ƙasar Japan tana da wata yarjejeniyar ciniki da ta tilasta mata sayen shinkafar waje kowace shekara, ko tana so ko ba ta so. Mutanenta sun fi son tasu, don haka wadda aka sayo ta taru a ɗakunan ajiya har kusan tan miliyan ɗaya da rabi. Ba ta iya sake sayar da ita waje sai da yardar Amurka, inda da yawanta ta fito. A watan Mayu na 2008 Amurka ta ce ba ta da ja. Labari ya bazu cewa Japan za ta buɗe rumbu. Cikin 'yan makonni farashi ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma mafi yawan wannan shinkafa ba ta ma bar Japan ba. Jin cewa akwai rumbun da za a buɗe shi ne ya sa masu ɓoyo suka fito da nasu. Sabon girbin Biyetnam ma ya taimaka, ba zan ɓoye muku ba. Amma ku riƙe wannan a zuciya har mu zo maganar rumbu.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce na ce tsoro kaɗai ne ke kawo tsada. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abubuwan da suka riga suka jiƙa ƙasa kafin tsoro ya zo.

Na farko shi ne mai. A watan Yuli na 2008 gangar ɗanyen mai ta kai dala 147. Wani zai ce ina ruwan tuwo da gangar mai? Abincin zamani da mai ake noma shi. Tarakta mai take sha, injin ban ruwa mai yake sha, jirgin ruwan da ke ɗauko alkama da tirelar da ke kai ta Kano duk mai ne. Takin yuriya da kuke zuba wa masara kuwa daga iskar gas ake yin sa. Duk ranar da gas ya yi tsada a Turai, ku saurari sabon farashin taki. Daga 2020 zuwa farkon 2022 farashin yuriya a kasuwar duniya ya ninka fiye da sau uku. Takin kamfa kuma yana da sinadarin fotash a cikinsa, wanda Rasha da Belarus ke sayar da kusan kashi 40 cikin ɗari na wanda ke yawo a duniya.

Na biyu ya fi ba ni mamaki da na fara jin sa. A Amurka ana juya masara ta zama wani irin mai, wato itanol, a gauraya shi da fetur. A shekarar 2007 suka yi dokar da ta ƙara yawan wanda dole a gauraya. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar Amurka can take tafiya, kuma Amurka ce ta fi kowa noman masara. Ashe mota da ɗan'adam a akushi ɗaya suke ci. Masana har yau suna gardama a kan yawan laifin da za a ɗora wa wannan, amma ban ga wanda ya ce ba shi da laifi ko kaɗan ba.

Sai yanayi. Ostireliya, babbar mai sayar da alkama, ta yi fari a 2006 da 2007. Rasha ta yi fari da gobarar daji a 2010, ta hana fitar da alkama a watan Agusta, farashi ya sake tashi. Akwai kuma maganar cewa mutanen Sin da sauran ƙasashen da suka samu arziki suna cin nama fiye da dā, dabbobin kuwa hatsi da waken soya ake ba su. Gaskiya ne, amma wannan a hankali yake tafiya, ba ya ninka farashi cikin wata shida. 'Yan caca da farashin hatsi a manyan kasuwannin duniya su ma ana ambatonsu. A ganina suna hura wutar da ta riga ta kama ne.

Sannan yaƙi. Da Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairu na 2022, ƙasashen biyu ne ke sayar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ke ƙetare iyaka a duniya. Tashoshin jiragen ruwan Yukren suka rufu da hatsi a ciki. A watan Maris ma'aunin farashin abinci na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Kuma me ya biyo baya? Tsohuwar rawar nan ta 2008. Indunusiya ta hana fitar da manja na mako uku, Indiya ta hana fitar da alkama a watan Mayu, sannan a watan Yuli na 2023 ta hana fitar da farar shinkafa, alhali ita ke sayar da kusan kashi 40 cikin ɗari na shinkafar kasuwar duniya. Sai a ƙarshen 2024 ta sassauta, kuma a 2025 farashin shinkafa a duniya ya faɗi ƙasa ƙwarai.

To, a nan ne na san wani dattijo zai ɗaga hannu ya ce, “Malam, idan farashi ya sauka a duniya, don me namu bai sauka ba?” Tambaya ce mai kyau. Daga watan Maris na 2022 zuwa farkon 2024 ma'aunin FAO ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A daidai wannan lokaci ne mudu a Najeriya ya haukace, har a tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ce farashin abinci ya haura da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Wannan tsadar a gida aka haife ta. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da muke yin burodi da taliya da ita daga waje take zuwa, da dala ake biya. Ko farashinta ya sauka a can, idan naira ta faɗi fiye da haka, a wurinmu tashi ya yi. Ku haɗa da ambaliyar 2022, da gonakin da aka bari babu noma saboda rashin tsaro, wanda ba sai na yi muku bayani ba, waɗansunku daga sansanin gudun hijira suka zo taron nan.

Akwai abin da mutanen birni ba su gane ba game da mu. Suna cewa abinci ya yi tsada, ai manoma sun ji daɗi. Wane manomi? Yawancinmu a kaka muke sayarwa, lokacin da kowa ke sayarwa kuma farashi na ƙasa, domin ga kuɗin makaranta, ga bashin taki, ga Kirsimeti, ga aure. Idan damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, sai mu koma kasuwa mu sayi hatsin nan namu a hannun wanda ya iya ajiyewa. A ce ka sayar da buhu biyar a Nuwamba, ka sayi uku a Yuli a kan ninkin kuɗin. Ka ba da biyar, ka biya kuɗin shida, ka karɓi uku. Tsadar da ta zo a Yuli ba ta amfane ka ba, arahar da ta zo a Nuwamba kuma ta cuce ka. Don haka duk maganin da aka kawo, tambayar da nake yi masa ita ce, me zai yi wa mutumin da yake mai sayarwa a kaka, mai saye a damina?

Bari mu auna magungunan da wannan mudun.

Rufe iyaka a hana fitar da abinci shi ne abin da gwamnatoci suka fi saurin yi, domin ba ya cin kuɗi kuma jama'a suna tafawa. Kun ga abin da ya haifar a 2008. Yana sauko da farashi a gida na ɗan lokaci, ya hana manomin gida kasuwa, ya tura yunwa gidan maƙwabci. A 2005 'yan'uwanmu na Nijar sun ɗanɗana wannan. An yi ƙarancin ruwa da fara a 2004, amma giɓin girbin bai kai girman wahalar da aka sha ba. Maƙwabta sun tsuke fitar da hatsi, farashin Najeriya ya ja gero zuwa kudu, a kasuwannin Maraɗi ga hatsi a jibge, iyaye ba su da kuɗin saye, dubun-dubatar yara suka kwanta a cibiyoyin masu tamowa. A watan Yuni na 2022 ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya sun amince cewa ba za a hana fitar da abincin da Hukumar Abinci ta Duniya ta saya domin agaji ba. Ƙaramin mataki ne, amma daidai ne.

Ƙayyade farashi da ƙarfin hukuma da fasa shagunan 'yan kasuwa, wannan ba zan daɗe a kansa ba. Hatsi yakan ɓace ne daga kasuwa, ya koma ciniki ta bayan gida. Akwai masu ɓoye abinci don mugunta, ban musa ba. Amma wanda ya saya a kaka ya ajiye zuwa damina, ba don shi ba da a watan Yuli babu abin saye ko da tsada.

Cire harajin shigo da abinci wuƙa ce mai baki biyu. Gwamnatin marigayi Umaru 'Yar'aduwa ta dakatar da harajin shinkafa na wata shida a 2008. A watan Yuli na 2024 aka sanar da cire haraji na kwana 150 a kan masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama casa ba. A 2025 farashin hatsi ya sauko sosai, mutanen gari suka samu sauƙi, kuma ba na baƙin ciki da hakan. Amma manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da araha, da yawa ba su mayar da kuɗinsu ba. Kafin wannan kuma mun ga kishiyarsa, lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shinkafa ta yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka yi kuɗi. Abin da ke kashe manomi shi ne rashin sanin ranar da za a buɗe ko a rufe. Idan za a buɗe, a faɗa tun kafin shuka, kada kaya su iso daidai lokacin girbi, kuma gwamnati ta saya daga hannun manoma a kan farashin da ta sanar tun da wuri.

Wannan ya kawo mu ga rumbu. Dukanku kun san labarin Yusufu a Farawa sura 41, yadda ya ba Fir'auna shawara a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi. Ba mu cika karanta sura 47 ba. A can mutanen Masar suka biya hatsin nan da kuɗinsu, kuɗi suka ƙare suka ba da dabbobinsu, daga baya gonakinsu da kawunansu. Rumbun ya ceci rai, amma mai riƙe da makullin ya mallaki ƙasa. Saboda haka idan ana maganar rumbun gwamnati, tambaya uku nake yi: buhu nawa ne a ciki, wa ke riƙe da makulli, kuma da wane sharaɗi ake buɗewa? Shinkafar Japan ta sauko da farashi ne domin kowa ya san tana nan, kowa ya san yawanta. Najeriya tana da manyan rumbunan ƙarfe a jihohi da yawa, ƙungiyar ECOWAS ma ta kafa ajiyar abinci ta yanki a 2013. Rumbun da ba wanda ya san abin da ke cikinsa ba ya kwantar wa kowa hankali. Wannan dalili ne ya sa manyan ƙasashe ashirin suka kafa wani tsari a 2011 na bayyana wa juna yawan alkama, masara, shinkafa da waken soya da ke hannunsu. Mu ma muna da haƙƙin tambayar ɗan majalisarmu irin wannan lissafi.

Maganin da na fi yarda da shi a lokacin tsada shi ne a taimaki mai yunwa kai tsaye, a bar farashi ya biya manomi. Habasha ta fara wani shiri a 2005 inda miliyoyin talakawan karkara ke karɓar kuɗi ko hatsi a watannin wahala, masu ƙarfi a cikinsu suna aikin gyaran ƙasa da tare zaizaya. Brazil ta yi doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyar da 'yan makaranta daga ƙananan manoma za a sayi abinci da shi. Yaro ya ci, uwarsa ta samu kasuwa. Wahalar irin wannan shiri a wurinmu ita ce jerin sunaye. Na taɓa raka motar kayan agaji zuwa wani ƙauye, na tarar rabin sunayen da aka ba mu daga sama ba wanda ya san su a garin, gwaurayen da kowa ya sani kuma babu su. Dattawan majami'a da limamin masallacin garin ne suka zauna a gindin bishiya suka sake rubuta jerin cikin awa biyu, kuma ba wanda ya yi gardama.

Game da taki, shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2006. A lokacin manomin Afirka kilo 8 na taki yake zuba wa hekta, suka yi alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015. Ba a kai ba. A Maputo a 2003 sun yi alkawarin ba noma kashi 10 cikin ɗari na kasafin kuɗi, ƙasashe kaɗan ne suka cika, Najeriya ba ta cikinsu. Malawi ta raba takardun rangwamen taki daga 2005, masara ta ƙaru, amma shirin ya cinye mafi yawan kuɗin ma'aikatar noma, aka rasa na hanyoyi da na malaman gona. Sri Lanka kuwa ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya a 2021, girbin shinkafa ya faɗi, kafin shekara ta ƙare ta janye. Ni ina goyon bayan rangwamen taki idan zai zo kafin ruwan fari kuma ya shiga hannun mai fartanya. Amma da za a ce in zaɓa, zan ɗauki tsaron gona da hanyar da mota za ta bi a watan Agusta. Ƙasar da ke da manyan masana'antun yuriya a Legas da Fatakwal har tana sayarwa waje, matsalarta ba ta rashin taki ba ce.

Saura abin da ke hannunmu. Ba mu da ikon gangar mai ko yaƙin Yukren, amma tazarar da ke tsakanin Nuwamba da Yuli a ƙauyenmu take. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a yankinmu a 2007, yana riƙe wake da masara watanni ba tare da magani ba, matuƙar hatsin ya bushe sosai kuma an ɗaure kowane ruɓi dabam. Ƙwari suna mutuwa ne don rashin iska. A Nijar ƙungiyoyin manoma sun daɗe suna ajiye hatsi a ɗaki mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Manomi ya karɓi rance a kaka ya biya bukatarsa, idan farashi ya tashi ya sayar ya biya. Akwai shekarun da farashi ba ya tashi, kamar yadda muka gani a 2025, don haka kada rancen ya kai darajar hatsin duka. A yankin Maraɗi kuma, tun 1983, wani ɗan mishan mai suna Tony Rinaudo da manoman wurin suka fara barin kututturan itatuwa su tsiro a gona suna yi musu aski maimakon sarewa. Abin ya yaɗu har kusan hekta miliyan 5 a Nijar, kuma duk wanda ya ga gero a gindin gawo ya san amfaninsa.

Bankin hatsi na ikkilisiya shi ne na ƙarshe, kuma zan gaya muku gaskiya, da yawa daga cikin waɗanda aka kafa a ƙasashen Sahel sun mutu cikin 'yan shekaru. Abu biyu ke kashe su: ba da bashi ga wanda ake jin kunyar tambaya, da sayarwa da arahar da ba za ta iya sake cika ɗaki ba. Waɗanda na ga sun daɗe, mata ne ke riƙe da littafin, ana karanta lissafi a gaban jama'a, ana sayarwa da mudu ba da buhu ba, kuma ana sayar wa kowane mazaunin gari ba tare da an tambayi inda yake sujada ba. Rabon gwauraye da marayu daga baikon godiyar kaka yake fitowa, ba a taɓa jarin banki.

Bayan cin abinci za mu rabu gunduma-gunduma. Kowane rukuni ya zaɓi marubuci, ya rubuta mana nawa aka sayar da mudun masara da na dawa a kasuwarku a kakar bara, nawa ya kai a tsakiyar damina, gida nawa ne a ikkilisiyarku rumbunsu ya ƙare kafin sabuwar masara ta nuna, kuma akwai ɗaki mai rufin kwano da ba ya yoyo wanda za a iya sa wa kwaɗo biyu. Za mu dawo nan ƙarfe uku mu saurare ku.